Baƙon Da Ke Bencin Baya

Karatu: Luka 24:13-35

Almajirai biyu sun kama hanyar Imuwasu da karyayyar zuciya, sai wani baƙo ya bi su. Da yamma ta yi, suka roƙe shi ya sauka wurinsu. Sai da ya gutsuttsura gurasa suka gane Yesu ne. Da sun bar shi ya wuce fa?

Ikkilisiyar Katolika tana ganin siffar Mas cikin wannan labari: jin Maganar Allah, sa'an nan gutsuttsura gurasa. A 1963 babban taron Batikan na biyu ya buɗe hanyar yin sujada da harsunan jama'a, domin kowa ya ji, ya amsa. Amma ɗan'uwa, ko da Hausa aka yi karatu, wanda ba a yi masa maraba ba zai fita yadda ya shigo.

Ran Lahadi ka duba bencin baya. Ka gai da ɗan ci-ranin nan, ka tambayi sunansa, ka zauna kusa da shi. Almajiran nan a daren suka koma Urushalima da albishir. Bangaskiyar da ta farfaɗo ba ta yin shiru.

Addu'a: Ya Ubangiji, ka buɗe idanunmu mu gane ka cikin baƙo. Amin.