Kafin Ka Ɗora Kwale-kwale a Mota Zuwa Daura

Ƙasar Daura ba ƙasar manyan koguna ba ce. Ruwan da muke kamun kifi da fito a kansa na madatsu ne, irin su Sabke da Daberam, sai tafkunan da damina ke cikawa. Manyan itatuwan da ake sassaƙa jirgi da su sun yi mana ƙaranci, gwanayen haɗa jirgin katako kuma suna can bakin manyan ruwaye kamar Yawuri. Saboda haka mai son jirgi mai kyau yakan sayo shi daga nesa, jirgin ya fara tafiyarsa ta farko a kan kwalta.

An gina jirgi ne don ruwa ya tallafe shi ko'ina, daga goshi har gindi, a lokaci guda. Da zarar ya hau mota, nauyinsa duka ya koma kan wurare biyu ko uku da suka taɓa ƙarfe, kuma kowane rami a hanya a nan zai doke shi. Ɓarnar da hakan ke yi ba ta cika fitowa fili ba. Ƙusa ta ɗan saki, haɗin katako ya ɗan buɗe, sai ranar da aka cika jirgin da mutane a gane. Mutanen Mai'adua ba su manta da kifewar kwale-kwale a bikin Sallah na watan Mayun 2022 ba, inda yara da dama suka rasu. Duk wanda zai kawo jirgi ƙasar nan, ya san rayukan mutane zai ɗora a kai.

Fara da awo. Ka auna tsawon jirgin da faɗinsa da tef, ka je tasha da lambobin a rubuce. Kada ka yarda da direban da zai ce maka "ai zai shiga" alhali bai ga jirgin ba. Ƙaramin jirgin masunci yakan zauna a bayan Kanta, amma dogon jirgin fito sai babbar mota. Idan abin da zai leƙo waje ya yi yawa, ƙara kuɗi ka ɗauki motar da ta fi tsawo, domin ɓangaren da ke lilo a iska shi ne ke fara tsagewa. Ɗan abin da ya leƙo kuwa a ɗaura masa jan ƙyalle, don na baya ya gani, kuma don kada ka sha tsayawa a hannun jami'an Road Safety ko 'yan KAROTA idan ta Kano da Kazaure za ka biyo.

Ciniki a yi shi a gaban shugabannin tasha, a rubuta: kuɗin mota, wanda zai biya masu lodi da masu saukewa, wanda zai ɗauki kuɗin hanya, da kuma ainihin inda za a sauke. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, don direba na iya kawo ka cikin garin Daura ya ce aikinsa ya ƙare, alhali tsakaninka da bakin ruwa akwai sauran hanyar burji da yashi. Ba da kafin alƙalami, ka riƙe ciko sai jirgi ya sauka lafiya. Rasit ɗin sayen jirgi da na inji su kasance a aljihunka, domin ana tambayarsu a shingayen bincike. Ni dai shawarata, kai ko wani naka ya bi motar.

Wajen lodi ne ya kamata a ɓata lokaci. A shimfiɗa tsofaffin tayoyi ko buhunan ƙaiƙayi a jere, tun daga gaba har baya, yadda cikin jirgin zai kwanta a kansu ba tare da ya taɓa ƙarfe ba. A cusa wasu a gefe da gefe don kada ya mirgina. A ɗaure shi a wurare da yawa, a sa tsumma ko guntun taya duk inda igiya ta ratsa bakin jirgi, sannan a ja goshinsa gaba da igiya ɗaya, gindinsa baya da wata, saboda birki. Kada a matse har katako ya yi ƙara. Jirgin faiba ma haka, yakan tsage idan aka danne shi a wuri ɗaya. Kada ka bari direba ya zuba buhunan wani a cikin jirginka don ya ƙara samu. Wannan nauyin shi ke karya ƙasan jirgi. Inji a cire shi, a juye mansa, a ɗaure shi a tsaye shi kaɗai. Bayan an ɗan yi tafiya a tsaya a sake jan igiyoyi, don sukan saki da zarar kaya ya zauna.

Sai rana da iska. Katakon da ya saba da ruwa yana ƙanƙancewa idan ya bushe, kuma iskar hunturu a kan mota mai gudu tana busar da shi cikin sa'o'i. A lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhunan algarara, a sa tamfol a sama, a tashi da asuba. Tafiyar dare da irin wannan kaya ban ba da shawararta ba. Kafin ma a ɗora, a wanke jirgin tas a cire duk wata ciyawa, musamman idan daga yankin Haɗeja da Nguru ya fito, inda kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Ba ma fatan irinta a madatsunmu.

Idan an iso, a sauke da hannaye da yawa, kada a tunkuɗo shi daga kan mota. Ka sanar da sarkin ruwa na wurin, ka sa jirgin a ruwa mara zurfi ya kwana biyu ko uku katakon ya kumbura. Inda ya ci gaba da yoyo, a cusa auduga a bi da kwalta. Daga nan a gwada shi da buhunan yashi daidai nauyin mutanen da kake son ɗauka, a kusa da gaɓa, ka shafa fenti a inda ruwa ya tsaya a jikinsa don mai tuƙi ya san iyakar lodinsa. Rigunan kariya kuwa ka sayo su tare da jirgin, su zo a mota ɗaya.