Kimiyya da Rayuwa: Tsohuwar Mota Mai Tafiyar Hawainiya

Daga birnin Niyok na ƙasar Amurka nake yi muku magana. Kwanan baya ina tsaye a bakin wani titi a unguwar Buruklin, sai ga wata tsohuwar Volkswagen, irin wadda muke kira Bitil, ta zo wucewa tana ƙara kamar keken ɗinki. Manyan motoci na ta shige ta, amma mai ita sai murmushi yake yi. Na ce lalle wannan abu ya isa a yi bincike a kansa.

A nan birnin ne, cikin 1959, wani kamfanin talla mai suna Doyle Dane Bernbach ya shiga yi wa Amurkawa tallar wannan mota. A zamanin nan kuwa motocin Amurka dogaye ne masu shan mai. Ita Bitil ƙarfin doki 36 kaɗai gare ta, injinta a baya yake, iska ke sanyaya shi, watau ba ta da lagireto balle a damu da zuba ruwa. Iyakar gudunta wajen mil 70 a sa'a. Duk da haka, kafin a daina ƙera ta a Meziko cikin 2003, an yi fiye da miliyan 21. A Legas ma an fara haɗa ta cikin 1975.

To, yaya ɗan ƙarfi haka ya ishi mota? Amsar tana ga iska. Ku miƙa tafin hannu ta tagar mota tana tafiya, za ku ji iska na tura shi baya. Masana sun tabbatar cewa in gudun mota ya ninka biyu, turin iskan nan sau huɗu yake ƙaruwa, ƙarfin da inji zai bayar don ya keta ta kuwa sau takwas. Ashe ke nan yawancin dawakin babbar mota an tanade su ne don gudun da doka ta hana. Tun watan Nuwamba 2014, iyakar gudu a yawancin titunan Niyok mil 25 ne a sa'a. Mai doki 300 da mai doki 36 tare suke isa danja ta gaba.

Daɗin kuwa ga inda yake. Direban babbar mota da ƙyar yake taɓa totur, domin in ya taka sosai ya karya doka. Direban ƙaramar tsohuwa kuwa dukan ƙarfinta yake aiki da shi. Da kunnensa yake sanin lokacin canja giya, ya taka kuloci, ya hangi hawa tun daga nesa ya shirya masa. Sitiyarin na gaya wa hannunsa halin da hanya ke ciki. In ta lalace, makanike mai sifana da sukudireba ya iya buɗe kafireto ya gyara, ba sai an nemi kwamfuta ba. Ni kam, a ganina, mai tuƙa irin wannan ya fi sanin mota.

Amma fa kada in ruɗe ku. Ƙa'idar nan ta ninki huɗu ta shafi burki ma: in gudu ya ninka biyu, tazarar da mota za ta ci kafin ta tsaya, bayan an taka burki, sau huɗu take ƙaruwa. Burkin tsofaffin motoci kuwa bai kai na yanzu kamawa ba. Sai a 1968 dokar Amurka ta tilasta a sa bel a sababbin motoci, kuma jikin na da ba a ƙera shi yadda zai shanye ƙarfin karo ba. Saboda haka wanda ke da irinta, ya sa mata bel, ya riƙa duba burki da tayoyi, ya kuma bar wa ta gabansa fili mai yawa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda giya ke taimakon ƙaramin inji ya hau tudu.