Darasi: Makonnin Jiran Kirsimeti

Jama'a, a Jega da Aliero da Maiyama muna zaune tare da maƙwabta Kirista. Sukan yi bikin Kirsimeti ran 25 ga Disamba, don tunawa da haihuwar Yesu Almasihu.

Shiri yakan fara tun saura Lahadi 4 a yi bikin. Lahadin farko takan faɗo tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba. A coci-coci da yawa akan kunna kyandir ɗaya ranar, a riƙa ƙara ɗaya kowane mako har su cika 4. Akan karanta littafin Annabi Ishaya.

Wannan jira aiki ne. Dubi manomin albasa a Aliero. Bayan dashe, kullum yana ban ruwa da cire ciyawa har albasa ta ƙosa. Haka ake son Kirista ya kula da zuciyarsa. Ya tuba, ya yawaita addu'a, ya shirya da wanda suka ɓata, ya taimaki marayu. Kada ya ci bashi saboda sabon ɗinki da shinkafar biki.

Tambayoyi:
1. Yaushe shirin Kirsimeti yake farawa?
2. Me ake son Kirista ya yi a makonnin nan?