Zaɓen Darussa a Babbar Sakandare: Abin da Ya Kamata Iyaye Su Sani

Manufar Ilmi ta Ƙasa, wadda Gwamnatin Tarayya ta fitar a shekarar 1977, ita ce ta kawo tsarin nan na 6-3-3-4 da aka soma aiki da shi a 1982. Tun daga lokacin aka raba sakandare biyu, watau ƙarama da babba, kowace shekara uku. A ƙaramar, darussan kusan iri ɗaya ne ga kowa. Amma ran da yaro ya shiga babbar sai a ware shi, ko ajin kimiyya, ko na adabi, ko na ciniki, ko kuwa na sana'a. Galibi shekarunsa ba su wuce 15 ba, amma abin da aka rubuta masa ran nan shi zai bi shi har ƙofar jami'a.

Nauyin wannan zaɓe

Mai neman shiga jami'a lalle ne ya sami kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, galibi har da Turanci da Lissafi. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, takan jarraba shi a darussa huɗu da suka dace da fannin da yake nema. Mai son aikin likita dole ya zo da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Mai son injiniya ba ya tsallake Fiziks da Lissafi. Wanda bai karanta su a aji ba, kome kaifin ƙwaƙwalwarsa, da wuya ya cim musu daga baya. Tun ran gini, ran zane.

Inda bambanci yake shigowa

Sunan abin zaɓe, amma sau da yawa halin makaranta ne yake yi wa yaro zaɓen. A arewacin Jihar Yobe, yaron da ke cikin garin Nguru ko Gashuwa ya fi samun makaranta mai malamin kimiyya da ɗakin gwaje-gwaje. Ɗan'uwansa na ƙauyukan Yusufari ko Machina ko Karasuwa, in makarantar da ke kusa da shi ba ta da su, sai ya ɗauki abin da ya tarar. Mai hali yakan kai ɗansa wani gari ko makarantar kuɗi; talaka kuwa sai haƙuri. Haka nan ɗan ma'aikaci yana da mai ba shi shawara a gida, ɗan manomi ko masunci kuwa yakan bi ajin da abokansa suka shiga.

Lamarin 'ya'ya mata ya fi tsanani, domin karatun kimiyya kan bukaci zama a makarantar kwana. Sace 'yan mata 110 da aka yi a makarantar kimiyya da sana'a ta Dapchi a Fabrairun 2018 ya ƙara wa iyaye fargaba.

Hasarar ta kowa ce

Akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Nguru, an kuma kafa Jami'ar Tarayya a Gashuwa a 2013. Ciwon ƙoda ya daɗe yana damun mutanen Gashuwa, hamada kuma tana cin gonaki daga arewa. Waɗannan duka suna neman likitoci da masana ruwa da malaman gona, 'yan ƙasa masu jin harshen jama'a. Jami'a tana iya zama a bakin ƙofar yaro, amma wasu sassanta a rufe gare shi tun yana aji ɗaya. A 2019 Gwamnatin Yobe ta kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmin firamare da sakandare, shaidar cewa matsalar sananniya ce.

Abin da ya kamata a yi

1. Tun yaro yana aji uku na ƙaramar sakandare iyaye su zauna da shi da malamansa, a ji abin da yake so da inda ya fi ƙarfi.
2. Kafin a sa shi a makaranta a tambaya: akwai malamin kowane darasi? Ana yin gwaji da hannu, ko a allo kawai?
3. A duba sharuɗɗan JAMB na fannin kafin a zaɓi darussa, ba bayan an gama ba.
4. Ƙungiyar iyaye da malamai ta kai kuka ga Ma'aikatar Ilmi a rubuce in an rasa malami.

Wannan ba raina adabi ko ciniki ba ne, gama ƙasa tana bukatar alƙalai da malamai da akantoci. Abin nufi shi ne yaro ya shiga aji don ya dace da shi, ba don babu wani ba.