Kafin ku zuba kuɗin masara a kayan DJ

'Ya'yana samarin Kafur, kaka ta yi, kuɗin masara da waken suya sun shigo hannu, ga bukukuwa sun ƙarato. Na san da yawa daga cikinku hankalinsu na kan kayan DJ. Ban hana ku ba, sana'a ce, amma ku ba ni aron kunnuwanku.

Wannan da kuke gani a waya ana murza faifai da hannu, jikar garmaho ce. Wadda ta fi suna ita ce Technics SL-1200, ƙirar Japan, wadda ta fito tun 1972. Tana da nauyi da ƙarko, shi ya sa ko ta hannu ba ta yin araha. To amma faifan garmaho take ci, kuma waƙoƙin da amare ke so yau ba a buga su a kansa. Ko na marigayi Shata, sai a hannun ɗaiɗaikun mutane. In allurarta ta karye, sai ka yi ta cigiya har Kano ko Legas.

Mai cin CD kuwa, irin Pioneer CDJ-1000 da ta fito a 2001, ita ta sa DJ ya iya murza CD kamar yadda ake murza faifai. Tsofaffinta sun sauko da kuɗi saboda duniya ta koma filashi, kuma wannan arahar ce nake jiye muku. Idon da ke karanta CD ba ya shiri da ƙura. Mu kuwa a fili muke biki, cikin hunturu, ƙafafu na tayar da ƙasa. Waƙa ta riƙa tsalle amarya na tsakiyar fili, wa zai sake kiranka?

Da ni ne, mikisa mai cin filashi zan saya, ko kwamfuta ta hannu mai lafiya. Ragowar kuɗin in zuba a sifiku, amfilifaya da janareto mai ƙarfi, don su ne mai biki yake ji a kunnensa. Ranar saye ku tafi da mai gyaran da kuka yarda da shi, a kunna kayan su yi zafi a gabanku kafin ku biya. Ku tambaya ko a Funtua ko Malumfashi akwai mai iya buɗe su.

Kuma don Allah ku ware kuɗin takin baɗi tukuna. Biki na ja baya da zarar damina ta faɗi, a lokacin gona ce za ta nemi haƙƙinta.