Sanin ƙasa: Jamhuriyar Nijar da alamunta

Manomi ya san iyakar gonarsa. Makiyayi ya san shaidar da ke jikin dabbobinsa. Haka ya kamata ɗan ƙasa ya san iyakar ƙasarsa da alamunta. Wannan shi ne darasin yau.

Girman ƙasa

Faɗin Nijar murabba'in kilomita 1.267.000 ne. Fiye da rabinta hamada ce. Saboda haka yawancin jama'a suna zaune a kudu, inda ruwan sama yake isar hatsi da dawa da wake. Ƙidayar da aka yi a 2012 ta samu mutum miliyan 17 da ƴan kai.

Ƙasashe 7 ke kewaye da ita. A arewa akwai Aljeriya da Libiya. A gabas, Cadi. A kudu, Najeriya da Benin. A yamma, Burkina Faso da Mali. Jahohinta su ne Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi da Damagaram, sai birnin Yamai. Da can Zinder ce hedkwata. A 1926 aka maida ita Yamai, bakin kogin Kwara.

Ranaku biyu na tarihi

Ranar 18 ga Disamba 1958 Nijar ta zama jamhuriya. Ranar 3 ga Agusta 1960 ta samu ƴancin kai daga Faransa. Tun 1975 ake shuka itatuwa a ranar ƴancin kai, don ta faɗo cikin damina.

Tuta da tambari

An zaɓi tuta ranar 23 ga Nuwamba 1959. Launinta uku ne, a kwance. Na sama ruwan goro, na tsakiya fari, na ƙasa kore. A tsakiyar farin akwai da'ira ruwan goro. Ana fassara su haka: ruwan goro shi ne rairayin arewa, fari tsarkin zuciya, kore gonakin kudu, da'ira kuwa rana ce.

Tambarin ƙasa yana bisa takardun gwamnati. Wanda ya dube shi da kyau zai ga abu huɗu cikin garkuwa: rana a tsakiya, mashi da takubba biyu, zangarniyar hatsi uku, da kan sa mai ƙaho. Ke nan manomi da makiyayi duk suna cikin tambarin. Kirarin ƙasa kalmomi uku ne: Ƴan'uwantaka, Aiki, Ci gaba. Taken ƙasa na farko an yi amfani da shi tun 1961. A 2023 aka sake sabo.

Wuraren da baƙi ke son gani

A Agadas akwai babban masallaci. Hasumiyarsa ta kai mita 27, kuma da laka aka gina ta. An fara ginin wajen 1515, aka sabunta shi a 1844. Itatuwan da suka fito jikinta su ne matakan magina in za a yi yaɓe. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya.

A Zinder akwai fadar Sarkin Damagaram da tsohuwar unguwar Birni. A Ingal makiyaya, Buzaye da Fulani, suna taruwa ƙarshen damina don dabbobi su lashi gishiri. A kudu maso yamma akwai gandun daji na W, mai giwaye da zakuna da ɓauna. Cikin shekarun nan rashin tsaro ya rage baƙi ƙwarai a wasu wuraren.

Itacen Tenere

Cikin hamadar Tenere an taɓa yin wani itace guda, shi kaɗai, kusa da rijiya. Sai an yi tafiya mai nisa ƙwarai kafin a ga wani. Ayarin gishirin Bilma da shi yake gane hanya. Madugai ba su sare shi ba, ba su bar raƙuma sun cinye shi ba. A 1973 wata babbar mota ta buge shi, ya faɗi. An kai gungumensa gidan tarihi na Yamai, aka kafa na ƙarfe a gurbinsa. Na ƙarfe yana nuna hanya, amma ba ya ba da inuwa.

Raƙuman dawa na Kure

Kure tana da nisan kamar kilomita 60 daga Yamai, kan hanyar Doso. A nan ne raƙuman dawa na ƙarshe na Afirka ta yamma suka rage. Farauta da fari da saran daji sun kusa ƙare su. A 1996 kamar 50 kawai aka ƙidaya. Aka hana kashe su, mutanen ƙauyuka suka ba da hannu. Bayan shekara 20 da ƴan kai sun wuce 600. A 2018 an ɗauki 8 an kai su dajin Gadabeji, cikin jahar Maraɗi.

Zama da su ba sauƙi ba ne. Sukan shiga gona su ci wake. In an sare itatuwan da suke ci, dole su nufi gonaki. Wanda ya bar itace tsaye ya taimaki raƙumin dawa, ya kuma kare wakensa.

Itacen Tenere ya tafi, ba ya dawowa. Raƙuman Kure an kula da su da wuri, suka tsira.

Tambayoyi

1. Ƙasashe nawa ke iyaka da Nijar?
2. Waɗanne abubuwa ke cikin garkuwar tambari?
3. Me ake yi ranar 3 ga Agusta?
4. Wane abin tarihi ke garinku, kuma wa ke kula da shi?