Gudun Fanfalaki Domin Masu Farfaɗiya

Jama'a, kusan kowace shekara idan watan Afrilu ya kama, dubban mutane kan taru a birnin Landan su yi gudun fanfalaki. An fara shi a 1981, nisansa kuwa kilomita 42 da ɗan ɗoriya, wato kamar mutum ya tashi daga Kano ya nufi Wudil a guje. Kaɗan ne daga cikinsu ke neman kyauta. Da yawa tara kuɗi ne ya kai su. Mutum zai bi 'yan'uwa da abokan aiki ya ce musu zai yi gudun nan saboda masu ciwo kaza, kowa ya sa abin da Allah Ya hore masa, in an gama a miƙa wa ƙungiyar da ke kula da masu ciwon. Cikin cututtukan da ake sha wa wannan wahala akwai farfaɗiya. A nan gida ma, tun 2016 ake yin irin wannan gudu a Legas.

Wani zai ce, me ya haɗa gudu da farfaɗiya? Kuɗin magani yana ciki, amma abin da ya fi shi shi ne a ambaci sunan ciwon a bainar jama'a, don an daɗe ana kulle shi a ɗaka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen miliyan 50 ke da shi a duniya, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe marasa ƙarfi irin namu. Ta kuma ce har kashi 70 cikin ɗari za su iya zama ba faɗuwa in an gano ciwon an ba su magani daidai. Saboda haka aka ware Litinin ta biyu a watan Fabrairu da kuma ranar 26 ga Maris don tunawa da su. Ta biyun, wata yarinya mai ciwon ce ta ƙirƙiro ta a Kanada a 2008.

To, su can suna gudu domin mai farfaɗiya. Mu nan wane gudu muke yi? Yaro ya faɗi a makaranta, ko mace a bakin murhu, sai ka ga an watse kamar an ga kura. Wai kada yawunsa ya taɓa mutum, wai wanda ya tsallake kumfar bakinsa ya ɗauka. Wannan shi ne abin da ya fi damun ma'aikatan lafiya, domin sau da yawa faɗuwar kan wuce cikin minti biyu ko uku, amma wutar da ya faɗa ciki ba wanda ya janye shi, ko ruwan da ya kife a ciki mutane na kallo, su ne ke nakasa shi ko su kashe shi. Je ka ɗakin masu ƙuna a asibiti ka tambaya, za ka ji labari.

Ku saurara da kyau: farfaɗiya ba a ɗaukar ta. Ba ta yawu, ba ta numfashi, ba ta cin abinci a kwano ɗaya, ba ta taɓa jiki. Ciwon ƙwaƙwalwa ne. Ku ɗauki ƙwaƙwalwa kamar fadar sarki. Sarki na zaune, fadawa na shiga suna fita, wannan a aike shi ga hannu ya ce ɗaga, wancan ga ƙafa ya ce taka, wani ga harshe ya ce yi magana, kowa da saƙonsa kuma kowa da lokacinsa, gari na zaune lafiya. Sai wata rana fadawan nan duka su tashi lokaci guda, kowa na ihu da nasa saƙon, hannu ya rasa wanda zai bi, ƙafa ta rasa, sai jiki ya ɗauki karkarwa, mutum ya faɗi. Jim kaɗan hayaniya ta lafa, fada ta koma yadda take, sai dai gajiya. Yanzu don Allah, rikicin da aka yi a cikin fadar wani gari, ta yaya zai bi yawu ya shiga fadarka?

Waɗanda ba su gudu ba kuma, wasunsu gara ma da sun gudu. A danne mutum kamar ragon layya, a cusa masa cokali a baki har haƙori ya karye, a ɗura masa ruwa ko jiƙo alhali ba ya cikin hayyacinsa, ruwan ya bi hanyar numfashi, a turara masa hayaƙi yana neman iska. Duk wannan cuta ce, ko da an yi ta da sunan taimako. Cokalin nan wai don kada ya haɗiye harshensa ne, alhali mutum ba ya haɗiye harshensa. Uban da ya ji wannan bayani kuma ya sake ɗauko cokali, ya sani Allah zai tambaye shi.

Abin da za a yi ba shi da wuya. A janye shi daga wuta, ruwa ko titi. A sa masa tsumma mai taushi a ƙarƙashin kai, a sassauta wuyan riga, kada a sa komai a bakinsa, kada a danne shi. Da jijjigar ta lafa a kwantar da shi ta gefe don yawun ya zubo waje. A duba agogo: in ta wuce minti biyar, ko ta sake tashi bai farfaɗo ba, ko mai ciki ce, ko ya ji rauni, sai asibiti nan take. A zauna da shi har ya dawo hayyacinsa, a kori 'yan kallo, a rufa masa jiki.

Wannan suturar ma tana da asali. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Abbas labarin matar da ta zo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce tana faɗuwa kuma jikinta na buɗewa. Bai kore ta ba, bai ce a guje ta ba. Ya yi mata albishir da Aljanna in ta yi haƙuri, ya kuma roƙa mata Allah kada jikinta ya riƙa buɗewa. Wane ne mu da za mu ƙyamaci wanda aka yi wa irinsa wannan albishir? Addu'a kuwa ba ta hana neman magani, shi da kansa ya umarce mu da nemansa.

Sauran bayani a taƙaice. Ciwon kan samo asali daga wahalar haihuwa, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, buguwar kai a haɗarin babur, ko shanyewar ɓarin jiki, wani lokaci kuma ba a gano dalili. Don haka awon ciki, rigakafi, gidan sauro da hular kwano duk kariya ne. Magani a sha kullum, kada a daina don an ga sauƙi sai likita ya ce. Mace mai shan sa ta ga likita kafin ta ɗauki ciki. Mai ciwon ya guji rashin barci, hawan bishiya, wanka a kogi shi kaɗai, da tuƙi sai da izinin likita. Yana karatu, yana aure, yana sana'a. Har gudun ma yana yi: Dai Greene, mutumin Birtaniya mai farfaɗiya, shi ya zama zakaran duniya a tseren tsallake shinge na mita 400 a 2011.

Ba kowa ke iya gudun kilomita 42 ba, ni ma ban iya ba. Amma in akwai yaron da aka ɓoye a gidanku ko a maƙwabta, a ɗauke shi a kai shi asibitin da ya fi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura shi gaba, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ga asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware. Malam mai gida, kuɗin mota kawai ake nema a wurinka a fara.